Jarka Biyu a Bayan Ɗaki

Shekarar da hawan jini ya kayar da maigidana a gonar masara, ni aka ɗora wa laifin. Yayarsa ta taso daga Kiru ta tare a gidanmu, duk wanda ya zo dubiya sai ta shaida masa cewa hannuna ya yi nauyi a gishiri, ni zan kashe mata ƙane. Alhali tun ranar da likita ya yi magana na rage gishiri, na sallami dunƙule, har ƴaƴana suka raɗa wa miyata suna ruwan wanke kwano. Maganar ta ƙona min rai ƙwarai, kuma ba ni da shaida, domin wata huɗu ana awo jinin ya ƙi sauka.

Da muka koma asibiti, malamar jinya ta ce akwai hanyar gane yawan gishirin da mutum ke ci, don yawancinsa ta fitsari yake fita. Ta miƙa wa Malam jarka, ta ce ya zubar da na farkon safiya, sauran kuwa ya tara duka har na wayewar garin gobe. Ya tsaya yana kallon jarkar nan kamar an miƙo masa maciji. Ni kuwa na ce a ba ni tawa. Tukunya ɗaya muke ci, in daga hannuna gishirin yake, ai zai fito a jikina ni ma. Malamar ta yi dariya, ta ɗauko wata ta rubuta sunana.

Yaya ta ce wannan tozarci ne, dattijo da furfurarsa ya yini yana adana najasa, kuma wa ya san abin da baƙo zai yi da fitsarin mutum. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ajiye jarkokin a inuwa bayan ɗaki, na kasa na tsare, ko masallaci Malam zai tafi sai na tuna masa. Washegari na ƙunshe su a buhu, na rungume su a motar haya zuwa asibiti, ban damu da masu kallo ba.

Ranar da sakamako ya fito, malamar ta jera takardun biyu a tebur. Nawa daidai, nasa ya wuce kima nesa.

“Baba, a ina kake cin abinci?” ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. Tun kafin ya buɗe baki na gane. A unguwarmu magidanta biyar ne suke ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare. Nawa kullum a wanke yake dawowa, ni kuwa ina ta murna. A hanya ya faɗa min gaskiya: lomar farko suke ɗanɗanawa su ture shi gefe, ya bi su ya ci na sauran gidajen, in an tashi a juye nawa ga awakin maƙwabci don kada in ji haushi. Wata huɗu ke nan ina yi wa awaki girkin marasa lafiya. Na yi kuka a motar nan, na takaici.

Ban ce ya bar ciyayya ba, don na san da ya shige ɗaki da kwano za a ce mijin-ta-ce ne. Na yafa mayafina na bi gidajen huɗu da takardun a hannu. Na ce wa matan yau mijina ne, gobe ba a san na wa ba. Uku suka yarda su rage. Ta huɗun ta ce ba za a koya mata girki da tsufanta ba, na ce to Allah ya bar zumunci, amma kwanonta Malam ya gama sa hannu a ciki. Mazan suka yi ta mita, suka gaji suka saba.

Bayan girbi jinin ya fara sauka. Yaya, da ta riga ta koma Kiru, ta dawo ganin gida, na zuba mata tuwo da miyar kuka. Ta kai loma ɗaya ta yamutsa fuska.

“Wannan miya taki ai ba gishiri.”

“Babu, Yaya,” na ce. “Amma ga ƙanenki can yana ɗaure dawa.”