Baba Idrissa, Mai Fito da Yara Cikin Ƙanƙara

Akwai wani shebur a garejin gidana a garin Bowie, nan ƙasar Turawa, wanda ba nawa ba ne. Mariƙinsa na katako ne, an naɗe shi da baƙin salatif a inda ya taɓa tsagewa, bakinsa kuma ya cinye saboda gogar kwalta. Tun hunturun shekarar 2010 yake hannuna. Duk shekarar da ƙanƙara ta sauka nakan ɗauko shi in share ƙofata, in ce wa kaina a makon nan zan mayar wa mai shi, sannan in jingine shi inda yake. Akwai maganar da ya kamata ta raka sheburin, ita ce na yi shekaru na kasa furtawa. Yanzu labari ya iso ni cewa mai shi ya ajiye aiki, bayansa ya ƙi, kuma da zarar sanyi ya wuce zai koma Tasawa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sunansa Idrissa, mutumin Nijar, amma yaro da babba Baba Idrissa suke ce masa. Shi ne mai kula da wasu jajayen benaye na haya a Hyattsville, inda da yawa daga cikinmu muka fara sauka a ƙasar nan: direbobin tasi, 'yan kasuwa, ɗalibai, da irina masu aikin fassara. Gyaran famfo da canjin ƙwan fitila da kwasar shara duk nasa ne, kuma makullin kowane ɗaki yana rataye a ƙugunsa.

Ranar da ƙanƙara ta kwana tana zuba, da ya idar da sallar asuba zai fito da bokitin gishiri da shebur, ya naɗe kansa da rawani a ƙarƙashin hular sanyi. Yakan fara da matakalar tsofaffi, ya bi ta hanyar da mata ke bi zuwa ɗakin wanki, ya buɗe wa masu sammakon aiki hanya har bakin titi. Ba ya hira a lokacin. Idan an gaishe shi sai ya ce lahiya lau, bai ɗago ba.

Da hantsi kuwa, idan an rufe makarantu, sai ya zama wani mutum daban. Zai bi tsakanin benayen yana buga bakin shebur a ƙarfen matakala, yana kira da harshensu na can, ɗiya ku hito, ɗiya ku hito. A bayan ginin ƙarshe akwai wani tudu mai gangare. Tun rani yake tara kwalayen da shagon kayan abincinmu ya zubar, da murafan kwandon shara, da tsofaffin bahon wanki, duk don wannan rana. Yara su fito kamar an buɗe akurki, wasu da safar ƙafa a hannu, wasu da rigar sanyin uba har gwiwa, su hau kwali su sulalo suna ihu da Turanci. Iyaye mata su leƙo ta taga suna mita a kan mura da jiƙaƙƙen kaya. Wata shekara yaran suka tara ƙanƙara suka yi mutum, har da idanun gawayi, Malam Abdulmumin mai ja mana salla ya ce gunki ne a rushe. Baba Idrissa ya ce ya yi haƙuri, gunkin da ranar Allah za ta kashe kafin Juma'a ba ya buƙatar taimakon kowa. Malam ɗin ma sai da ya yi dariya.

Amma wanda ya lura zai ga shi Baba Idrissa ba ya cikin wasan. A gindin tudun yake tsayawa, inda gangaren ya nufi titi, idonsa yana bin fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya. Mun daɗe muna zaton son yara ne kawai. Constance Katung, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan da ta riga mu zama a wurin, ita ta gaya mini abin da yake nema a fuskokin nan.

A watan Fabrairun 2003 an yi wata ƙanƙara da ta binne motoci. Akwai wani direban tasi mai suna Mahamane, wanda bai daɗe da ɗauko matarsa Ramatou da 'yarsu Nafissa daga gida ba. Ƙanƙarar ta tare shi a tsallaken kogi, wajen Springfield, wutar lantarki kuma ta ɗauke a benayen, na'urar ɗumama ɗaki ta mutu. Ramatou ta yi abin da ta tashi ta ga uwarta tana yi idan sanyi ya tsananta: ta hura gawayi a kaskon turarenta, ta ajiye a tsakar ɗaki, ta toshe ƙasan ƙofa da zane don kada ɗumin ya fita. A gida wannan hikima ce, domin ɗakunanmu suna numfashi ta rufi da tagogi da bakin labule. Ɗakin ƙasar nan an gina shi ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gubar da gawayi ke fitarwa a irin wannan ɗaki ba ta da wari, ba ta sa tari. Kai ne zai yi nauyi, barci mai daɗi ya zo.

Da safe Baba Idrissa yana shara ya lura labulen ɗakin bai motsa ba, kuma bai ji muryar yarinyar ba, ita da ta saba leƙowa tana ɗaga masa hannu. Ya hau ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa, shiru. Makullin yana ƙugunsa, har ya kai hannu ya taɓa shi. Sai ya tuna matar aure ce, ƙuruciya gare ta, mijinta ba ya nan, shi kuma namiji ne baƙo. Ya ce wa ransa wataƙila barci suke. Ya sauko ya ƙarasa matakalarsa, ya jira Constance ta dawo daga aiki, don mace ta fara shiga. Bayan azahar suka buɗe. An ceto Ramatou. Nafissa ta riga ta tafi, tana kwance a jikin uwarta, rufe da bargo har wuya.

Babu wanda ya ɗora masa laifi. Mahamane da kansa ya riƙe hannunsa a maƙabarta ya ce ya yi abin da ɗan mutunci zai yi. Likitoci ma ba su iya cewa da an buɗe da safe da ta rayu ba. Constance ta ce sau ɗaya tak ta ji ya yi maganar, a ranar, yana zaune a kan matakala da makullin a tafin hannunsa.

"Kunyata na tsare," in ji shi, "ɗiyar mutane ta tahi."

Tun daga hunturun da ya biyo baya aka fara jin bugun shebur a ƙarfe. Ya gane ba zai iya bin ɗakuna yana leƙa gidajen mutane ba, amma babu yaron da zai ji ana sulu a tudu ya zauna, sai idan wani abu ya kwantar da shi. Wanda duk bai ga ɗansa ba, zai hau ya yi sallama. Idan ba a amsa ba, zai buɗe. Yakan gaya wa kowane sabon ɗan haya haka a ranar da ya ba shi makulli, a gaban matarsa, don kada a ce ba a ji ba.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Sau da yawa ya buɗe ya tarar barcin gajiya ake, ko uwa tana wanka, ko an tafi unguwa. An kira shi marar ta ido. An kai ƙararsa wajen masu ginin. Akwai gidajen da suka daina aika masa goron suna, akwai mazan da ke ɗauke kai idan sun haɗu da shi a masallaci. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a haɗa ido da matar wa, shi ne ya yarda a riƙa nuna shi da baki a kan shiga ɗakin matan mutane. Matarsa Ɗija ta sha kuka a kan wannan. Ya ce mata ta bari, zagi ba ya shiga kabari da mutum.

Namu ya zo a Fabrairun 2010. Wuta ta ɗauke, sanyi ya shiga ƙashi, 'yata Mardiya, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Ni da hannuna na ɗauko kurfotin da muke gasa nama da rani, na hura shi, na buɗe taga kaɗan, daga baya iska ta dame mu na rufe. Na ji bugun sheburin daga nesa, kamar a mafarki. Na ji sallama, na yi niyyar amsawa, bakina ya yi nauyi.

Baba Idrissa ya shigo idonsa a ƙasa, yana ta maimaita sallamar da ba wanda ya amsa. Ya naɗe hannu da rigarsa ya sunkuci kurfotin ya fita da shi, ya dawo ya wangale tagogi, ya ɗauki Mardiya daga gefen uwarta. Matata Sailuba tana kwance ba ɗankwali. Wannan shi ne abin da idona ya fara gani da hankalina ya soma dawowa, kuma a kansa na yi magana. Na tambaye shi wane irin mutum ne shi, ko a garinsu ba a san gidan aure ba.

"Na san shi, Malam Maitama," ya ce. "Taso ka zage ni a waje, can akwai iska."

A waje ya danƙa wa Constance yarinyar, ya tura mini shebur ɗinsa a ƙirji, ya ce motar asibiti ba za ta iya shigowa ba sai an buɗe hanya. Maƙwabta suka fito da abin da suka samu, har da faranti da murfin tukunya. Ina haƙa ina amai, shi yana gabana da hannu da ƙafa yana ture ƙanƙara, tafinsa ya tashi saboda ƙunar kurfotin. Da aka sallamo mu daga asibiti na gan shi a bakin matakala, na gaishe shi, ya amsa, na wuce. Kunyar abin da na faɗa ta hana ni tsayawa a ranar, daga nan kuma kullum sai abin ya ƙara nisa. Mardiya tana jami'a yanzu. Da na tambaye ta abin da ta tuna game da shi, sai ta ce da Turanci, ai shi ne mai kwalaye.

Baba Idrissa, kai ne ka zaɓi a ƙi ka da rai a kan a yabe ka a maƙabarta. Kai ne ka ɗauki mutuwar yarinyar da ba ka kashe ba, ka goya ta shekara da shekaru, ka mayar da ita wasan yara a kan tudu. Aliyya mai kitso, ɗaya daga cikin 'yan hayar benayen, ta shaida yadda a ƙanƙarar 2016 ka bi layin motoci kana tone bakin salansar da ƙanƙara ta toshe da hannunka, kana fito da yaran da iyaye suka zaunar a ciki da inji a kunne don su ji ɗumi. Bugun sheburinka ya tashi gidajen da ba su san an tashe su ba. Mun gode. Allah ya saka maka da abin da ba mu iya ba, ya sauƙaƙa maka bayan nan, ya kai ka gida lafiya.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Hyattsville da Springfield da Bowie, kowace shekara sababbi suna sauka da kaskonsu a cikin kaya, kuma babu wanda ya gaya musu. Idan ƙanƙara ta sauka, wuta ta ɗauke, ku dubi ƙofar maƙwabci. Wadda ta yi shiru ku buga ta, ku jure abin da za a ce.

Ranar Lahadin da ta wuce ƙanƙara ta sake zuba. Da hantsi na sa sheburin a mota na nufi Hyattsville. Masu ginin sun ɗauki wasu da injin shara, sun buɗe babbar hanya sun tafi, matakalar Baba Idrissa tana nan a binne. Tudun yana nan fari fat, babu sawun kowa. Na share matakalar tun daga ƙasa har bakin ƙofa, sannan na yi sallama. Ɗija ta buɗe. Yana zaune a kujera kusa da taga, matashi a bayansa, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi Sailuba, ya tambayi Mardiya da karatu. Sai ya dubi abin da ke hannuna.

"Ashe yana raye," ya ce.

Na durƙusa na ce na zo in mayar, in kuma nemi gafarar maganar da na faɗa masa, in gode masa a kan 'yata. Ya ce wace magana, shi bai riƙe ba, mutumin da gawayi ya bugar ba a kama shi da bakinsa. Na miƙa masa sheburin, bai karɓa ba. Ya nuna mini benen da ke fuskantar tagarsa, ya ce akwai baƙi a sama, mutanen Ƙonni, wannan ne sanyinsu na farko, da ɗiya ƙanana. Tun safe yake kallon labulensu bai ga ya motsa ba, ƙafarsa kuma ba ta hawa.

Na fita. Na buga bakin sheburin a ƙarfen matakala, ƙarar ta bi tsakanin benayen. Na hau, na tsaya a ƙofar mutanen da ban sani ba, na yi sallama, na ƙwanƙwasa. Ban ɗauke hannuna ba sai da na ji ƙananan ƙafafu suna gudu zuwa ƙofar.