Salansa Mai Guga da Ƙwayar Daina Taba

A layinmu babu wanda ya san shi da wani suna sai Salansa. Direbobin da ke kawo masa guga ne suka laƙaba masa sunan bututun hayaƙin mota, wai kafin ka hango shagonsa za ka hango hayaƙinsa. Bai taɓa jin haushi ba. In an tsokane shi, sai ya ɗaga dutsen guga ya ce, "Motar da ba ta hayaƙi ai tana wurin bakanike."

Shagon ɗan tsukuku ne: teburi da tsohon bargo a kai, igiya cike da riguna, sai gorar ruwa da ya huda murfinta don yayyafi. Tun yana saurayi ya koyi guga, kuma maigidan da ya koya masa aikin shi ne ya fara miƙa masa guntun sigari. Hannunsa na da kyau, karin da zai fitar a wando sai ka ce zai yanka yatsa. Aibinsa ɗaya, kayanka za su dawo da warin taba. Wasu suka haƙura, wasu suka sauya shago.

Ya sha yunƙurin dainawa. Ya gwada cingam, ya gwada alewa, ya rantse a gaban matarsa har ta gaji da jin rantsuwa. Ba ya kai mako sai ka gan shi a bayan shago yana laluben ashana.

Da furfura ta cika masa kai, tari ya kama shi, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Autarsa, wadda ke aikin jinya, ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya ja kujera kusa da shi.

"Baba, ba rashin zuciya ba ne ya hana ka dainawa," in ji likitan. "A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan gurabe da nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yake zuwa ya zauna. Da ya zauna sai ka ji daɗi. Yawan shan ya sa guraben sun ƙaru, kowanne yana kukan yunwa. Akwai ƙwayar da za ta riga shi zama a wurin. Za ta ɗan lallashe su, in ka sha taba kuma ta tarar wuri ya cika."

"Wato 'yar haya za ka zuba mini a kai," in ji Salansa.

Likitan ya yi dariya. Auta ba ta yi ba.

Ƙwayar ta yi aiki. Wata rana bayan cin abinci ya kunna kara ɗaya, ya zuƙa, ya dubi matarsa. "Kamar tsumma nake ƙonawa," ya ce, ya murje ta a ƙasa. Matar ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Sai dai ƙwayar ta zo da nata. Tashin zuciya kowace safiya, da mafarkai masu nauyi da yakan ba da labarinsu wajen karin kumallo, har matar ta roƙe shi ya bari. Mutumin da ke cika layi da barkwanci ya koma shiru, abu kaɗan ya hau faɗa. Da suka koma asibiti ya ce wa likita, "Kaina ya lafa, amma hannun fa? In na ajiye dutsen guga ban san inda zan kai shi ba."

"Wannan babu ƙwayarsa, Baba. Masu bincike na neman wadda ta fi wannan sauƙi, amma tukuna."

Ya daure har ya gama maganin. Watanni suka shuɗe bai taɓa sigari ba. Kayan mutane suka daina wari, har wasu tsofaffin kwastomomi suka dawo.

Tarin ne bai tafi ba. Numfashi ya riƙa gajarta, riga ɗaya sai ya zauna ya huta kafin ya gama hannunta. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Auta ta ɗaga hoton a hasken taga, ta daɗe tana kallo. Likitan ne ya faɗa: huhun ya riga ya lalace, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a rage masa wahala.

"To dainawar da na yi fa?"

"Ta rage saurin ciwon, Baba."

Salansa ya gyaɗa kai, ya nemi hularsa.

Kafin shekara ta zagayo ya bar shagon, mai gyaran waya ya karɓa. Ya koma zaman benci a ƙofar gida, 'yar kwalbar feshin numfashi a aljihu. Yini ya yi masa tsawo. A nan ne wani direba cikin tsofaffin abokansa ya tsaya gaishe shi da sigari a baki, hayaƙin ya bugi fuskarsa. Salansa ya miƙa yatsu biyu. Direban ya zaro kara ɗaya ya ba shi.

Auta ta dawo daga aiki ta same shi yana zuƙa yana tari.

"Haba Baba! Bayan duk wahalar nan?"

"Guraben nan ba su mutu ba, Auta. Barci suka yi."

"Mu koma a sake ba ka ƙwayar."

"In sake shan amai da mafarki, don in ƙara me?"

Ta sauke jakarta daga kafaɗa. Daga cikin gida uwar ta leƙo, ta ga abin da ke hannunsa, ta saki labule. Auta ta zauna a ƙarshen bencin. Da tarin ya sake turnuƙe shi, ta matso ta riƙa bubbuga masa baya a hankali, shi kuwa ya ɗaga hannun da ke riƙe da sigarin gefe guda, don kada toka ta zubo mata a farar riga.