Cingam a Bakin Malam Tofar

Alli na shiga nema a ofishinmu na malamai, sai na hango wani ya maƙale bayan kabad, ƙeya kawai nake gani, kunnuwa na motsi. Na ɗauka ɗalibi ne ya samu maɓoya. Na daka tsawa: "Kai! Me kake tauna?" Mutum ya juyo, sai ga furfura. Malam Tofar ne, wanda ya koya mini karatu a makarantar nan tun ina yawo da gajeren wando. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɓuge da tambayarsa ya iyali.

Sunan ma cingam ne ya jawo masa. Tun yana saurayi yake tsayawa a bakin ƙofar aji, duk yaron da muƙamuƙinsa ya motsa sai ya ji "Tofar!" Yana da wata tsohuwar wuƙa da yake kankare cingam daga ƙarƙashin benci da ita. Amma fa in ya buɗe littafi yana karanta mana labari, ko mai tari sai ya haɗiye abinsa.

Da girma ya zo, karatun nan ne ya so ya gagare shi. Maganin hawan jini da aka ɗora shi a kai ya busar masa da baki ƙayau. Sai ya kai tsakiyar shafi harshe ya manne, ya tsaya shan ruwa, yara su fara hamma. Turamen haƙoransa suka soma ruɓewa, har aka cire wasu. Ya gaya wa matarsa zai ajiye aiki, tunda malami ba murya gunki ne a gaban allo.

Ita ta tasa shi gaba zuwa wurin likitar haƙori. Likita ta ce miyau shi ke wanke guntun abinci, shi ke kashe tsamin da ke cin haƙori, kuma nasa ya ja baya. Ta ce ya ci gaba da goge baki da yawan shan ruwa, sannan bayan ya ci abinci ya riƙa tauna cingam marar sukari, taunar za ta tayar da miyau.

"Ni?" in ji Malam. "Ba allura?"

Sai da matar ta sayo ta tura masa a aljihu. Yanzu yakan tauna kafin ya shiga aji, ya naɗe a takarda ya jefa a kwandon shara, ya karanta shafi har ƙarshe. Da ya koma asibiti ba a sami sabon rami ba. Maganar barin aiki ta mutu. Yara sun gano, mana, amma ba wanda ya ɗaga masa ido. Labari suke so.

Jiya na same shi, ya daina ɓuya, yana zaune a kujerarsa yana aikin muƙamuƙi. Na ce, "Allah ya ja zamanin Malam, a ɗan san mini ɗaya mana, ni ma in gyara haƙora."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai? Kai da 'yan layin gaba ke neman laima in ka fara bayani? Je ka tambayi likita ko akwai wanda ke rufe baki, ni zan saya maka."