Gwangwanin da Sale Ya Kafa a Bakin Hanya

Shekara tara ke nan da rasuwar Sale, taubashina, manomin tumatir na rani a tsakanin Kura da Bunkure. Tare muka tashi, kuma ban tuna ranar da muka haɗu muka rabu ba mu tsokani juna ba. Ni ina kiransa Sarkin Ƙorafi, shi yana kirana Malam Ƙaddara. Yau babu mai kirana da wannan suna, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Wani shirin rediyo ne ya tayar mini da tsohon miki. Wata jami'ar kare haƙƙin masu saye ce take bayani cewa doka ta ba mutum damar mayar da kaya idan ba abin da aka faɗa masa ba ne. Ta ce rubutun nan da ake yi a bangon shago, wai kayan da suka fita ba sa dawowa, ba zai ceci mai algus ba. Har ta ce akwai irin shuka da ake kankare jikin ledarsa a tura lamba ta waya, a gane na gaskiya. Na rage muryar rediyon, domin wanda ya kamata ya ji wannan magana yana kwance a maƙabarta.

Wata shekara Sale ya sayi irin tumatir na gwangwani. Aka ce masa mai tauri ne, wanda yake jure tafiyar Kudu a cikin kwando. Shi kuwa iri ba ya nuna halinsa a shago. Sai ka yi rainonsa, ka dasa, ka sha faman ban ruwa da taki, ranar da ya nuna sannan za ka san abin da ka saya. Na Sale ya fito ruwa tsululu, kana taɓawa yana fashewa. Dillalai suka leƙa suka wuce. Da ya koma shago, mai shagon ya nuna masa rubutun bango. Mu kuma muka taru muka ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce.

"Ƙaddara ba ta da shago a kasuwa," in ji shi. "Wannan mutum ne, na san gidansu."

A lokacin ba mu san wani ofishi da ake kai irin wannan kuka ba. Sai ya sari sanda ya kafa a bakin gonar, ya kifa gwangwanin irin a kanta, ya juya sunan da ke jikin gwangwanin yana kallon hanya. Duk manomin da ya wuce sai ya dubi tumatirin, ya dubi gwangwanin. Ba a jima ba mai shago ya turo dattawa su roƙe shi ya cire. Sale ya ce sai an kwashe ragowar irin daga kanta, kuma aka kwashe.

Da yana raye, na san zai yi murna da wannan doka. Na kuma san ba zai rasa ƙorafi ba. Zai ce ofishin yana can cikin Kano, mu muna nan cikin taɓo. Zai tambayi jami'ar ko ta taɓa ganin shagon ƙauyen da ake ba da rasit.

Bana abin ya sake faruwa, a gonar dai, a kan ɗansa Nura da ya gaje ta. Nura ya fi ni sanin dokar, a wayarsa ma ya karanta mini ita. Matsalar ita ce wanda ya sayar masa da irin kawun matarsa ne.

"Baba, in na kai shi ƙara, da wane ido zan shiga gidan surukaina?" Haka ya ce da ni.

Doka ta ba shi baki, amma kunya ta rufe shi, irin kuwa yana nan jere a kanta yana jiran maƙwabta.

Makon jiya na bi ta hanyar gonar a kan babur. Daga nesa na hango sanda, gwangwani a kife, sunan yana kallon hanya. Saura kaɗan in ɗaga murya in ce, "Sarkin Ƙorafi, barka da aiki." Na tsaya sai da idona ya washe. Nura ne a duƙe yana buɗe wa ruwa hanya, bai ko ɗago ba.

Na tambaye shi ko gwangwani ɗaya ya saya. Ya ce biyu ne.

"Bar wannan a inda yake, ka ba ni ɗayan," na ce. "Ni ba surukina ba ne."

Yana nan cikin aljihun rigata, gobe zan shiga mota da shi zuwa Kano. Sale, ka tafi ba ka bar dukiya ba, amma ka bar mana ƙin yin shiru. Da kana nan da ka yi dariya har da riƙe ciki, wai yau Malam Ƙaddara ne zai kai ƙara. Ni kuwa da na yarda ka yi ta yi mini ita har yamma, in dai zan sake jin ta. Allah Ya jiƙanka.