Sunan da Na Laƙaba wa Mai Shiga Rumbu

Ranar Asabar da ta wuce na kwance bakin wani buhun dawa da aka aiko mini daga gida, sai warin toka da busasshen ganyen darbejiya ya bugi hancina. Na tsaya riƙe da igiyar buhun na kasa ci gaba. Idan ka taɓa leƙa cikin rumbun ƙasa da rani, ka san warin nan. Wasu yana tuna musu daɗin gida. Ni hassada yake tuna mini, kuma gara in gaya maka tun yanzu, tawa ce ba ta wani ba.

Gidanmu yana gefen Zuru ta hanyar Dabai, gidan tsohon soja. Kakanmu na wajen uba ya bar aiki tun ba a haife ni ba. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da wani kwanon soja na ƙarfe da yake shan kunu a ciki, da kuma ɗabi'ar cewa kowane abu yana da wurinsa. A tsakar gida akwai babban rumbun ƙasa mai hular ciyawa. Bakinsa a sama yake, kuma ƙarami ne, babba ba ya shiga. Saboda haka kowane gida a wajenmu yana da yaro guda da ake zurawa ciki ya ɗebo abinci. Ba kowane yaro ba ne kuwa. Sai wanda mai gida ya yarda da hannunsa da bakinsa: ba ya ɗaukar abin da ba a ce ya ɗauka ba, ba ya kuma gaya wa kowa yawan abin da ya rage.

A gidanmu 'yar baffana aka zaɓa. Sa'ata ce, wata uku kacal ta ba ni. Mahaifinta soja ne, an tura shi aiki wata ƙasa, mahaifiyarta kuma sun rabu da shi ta koma wajen danginta a Wasagu. Siririya ce, shiru-shiru, irin yaran da manya ke nunawa da yatsa su ce ku yi koyi da ita. Ni ma ba ƙiba gare ni ba, na sha auna kafaɗata da bakin rumbun da ido, na san zan shige. Amma Kaka ko kallona bai yi ba.

Kowace Asabar da safe sai ya jingina tsani, ya ɗage hular ciyawar, ya kama ta a wuyan hannu biyu ya zura ta a hankali. Ni aikina riƙe kwando a ƙasa. Ina tsaye ina jin suna hira ta bakin rumbun da yaren gida, murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci har ya yi dariya, mutumin da dariyarsa ta fi nama wuya a gidan. Idan ta fito fari fat da toka, sai ya kakkaɓe mata kai da tafin hannunsa, ya miƙa mata sauran kunun da ke cikin kwanon soja. Ba wanda ya taɓa shan komai a kwanon nan sai su biyu. Ba kunun nake so ba, akwai kunu a tukunyar mahaifiyata. Hannun nan da yake sa mata a ka nake so.

Na sha lallaɓa ta ta ɗebo mini gyaɗa ko da cikin hannu ɗaya ne, sai ta ce Kaka ya hana. In na tambaye ta ko dawar za ta kai mu kaka, sai ta ce ba ta sani ba, alhali ta sani sarai.

A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da kullum rediyo ke kawo labarin faɗa tsakanin Yahudawa da Falasɗinawa. A teburin mai shayi na bakin tasha maza kan yi musu har jijiyar wuya ta fito. Maƙwabtanmu Musulmi suna jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa, wasu dattawan cocinmu kuma suna cewa Isra'ila mutanen alkawari ne. Amma abin da na lura da shi tun ina ƙarama, da an shiga kasuwa musun ya ƙare. Duk wanda ya matse hannu ko ya iya wayo, Musulmi da Kirista baki ɗaya za su ce masa Bayahude. Akwai wata tsohuwa a zumuntar mata da ta je Urushalima ta dawo da kwalbar ruwan Urdun, ba ta gajiya da ba da labarin ƙasa mai tsarki. Ita ɗin ce dai, ranar da akuyar maƙwabta ta cinye mata shanyar kuɓewa, ta bi ta da muciya tana kiranta Bayahudiya.

Da Ista ta gabato, malamar makarantar Lahadi ta raba mana wasan kwaikwayo. 'Yar baffana aka ba Maryamu, da farin mayafi. Ni aka jefa ni cikin taron Yahudawa masu ihun a gicciye shi, aka shafa mana gawayi a fuska don mu yi muni. Mako guda yara suna tsokanata da sunan. Ita kuwa matan coci sai shafa kanta suke yi. Na ji kamar duniya ta haɗa baki ne a kan kan yarinyar nan, kowa sai ya shafa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta sake hana ni gyaɗa, a gaban yaran gidan. Sai na ce mata ai ita ce Bayahudiyar gaskiya, mai zaune a kan abincin mutane tana hana su. Yara suka kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo sunan ya kai makaranta, ya kai bakin rijiya. Matar ƙaramin baffana, wadda dama ke jin haushin awon da ake yi mata, ta ɗauke shi ta riƙe. Na ji daɗi sosai, ba zan ɓoye maka ba.

Wata Lahadi na ce cikina na ciwo, aka bar ni a gida. Da ƙarar ganga ta tashi daga coci sai na ja tsani, na ture hular ciyawa, na saki jikina ciki. Na faɗi a kan dammunan dawa, gwiwata ta goge. Cikin ya yi duhu da zafi, an raba shi gida-gida da ƙananan katangu. A can lungun baya, ƙarƙashin zangarniyar dawa, na lalubo tukunyar irin gyaɗa wadda Kaka ya liƙe bakinta da laka tun bayan girbi. Na ɓalle lakar, na ci har sai da na ji amai, na mayar da murfin yadda ya samu, na rufe da dawa. Wajen fita ne hankalina ya tashi, don bakin ya yi mini nisa. Na daɗe ina shafa bango ina kuka kafin hannuna ya taɓa wani ɗan turken itace da aka kafa a gefen hagu, wurin da ba a hango shi daga sama. Shi na taka na fita.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, Kaka ya ce a fito da iri. 'Yar baffana ta miƙo tukunyar, ba nauyi. Da yake na ɓalle lakar, ɓeraye sun gama da ita, sai ɓawo da kashinsu. Idan ka san noma ka san abin da rasa iri yake nufi a daidai lokacin shuka. Gonar gyaɗar matan gidan ce, daga ita suke samun mai da ƙuli-ƙuli na shekara.

Ba wanda ya tsaya bincike. Ita kaɗai ke shiga rumbu, kuma ga sunan yana jira a bakin kowa. Matar ƙaramin baffana ta ce dama me ake tsammani daga Bayahudiya, ta hana mutane ta ci ita kaɗai. Yarinyar ta ce ba ita ba ce, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Ni ina tsaye da kwando.

Kaka ya sauko daga tsani a hankali saboda ƙafarsa. Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Cikinku wa ta taɓa ganin Bayahude da idonta?"

Sai ya ce shi ya gan su, lokacin da aka kai su aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan. Ya ga wani a shingen hanya wanda ya wulaƙanta wani dattijo manomi har shi Kaka ya ji kamar ya mare shi. Ya kuma ga wani da ya ɗaure masa ƙafar nan da take ɗingishi, ya zauna kusa da shi yana nuna masa hoton 'ya'yansa. Ya ce na farkon mugu ne, na biyun mutumin kirki ne, kuma bai ga abin da ya haɗa su da tukunyar gyaɗa a Zuru ba. Matan suka sunkuyar da kai don girmansa, amma zancen bai shige su ba. Daga ranar suka daina karɓar hatsi daga hannun 'yar baffana, wai ba albarka. Labari ya kai Wasagu. Mahaifiyarta ta zo a kan kabu-kabu, ko ruwa ba ta sha ba, ta ɗaure kayan ɗiyarta a zane suka tafi.

Asabar ta zagayo, ba wani yaro da ya kai sai ni. Abin da na yi shekara biyu ina so ya zo hannuna. Kaka ya kama ni a wuyan hannu ya zura ni, na ɗebo abin da ya ce, zuciyata fari ƙal. Da na gama, kafin ya miƙo hannu ya jawo ni, ƙafata da kanta ta nufi gefen hagu ta taka turken nan. Na fito da kaina har kafaɗa ina murmushi, ina jiran ya kakkaɓe mini toka.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Wa ya gwada miki inda ake sa ƙafa?"

Bai ƙara tambaya ba. Ya tara matan gida a gindin rumbun, ya sa na faɗa da bakina. Na zaci za a kashe ni da duka. Mahaifiyata ta zane ni, gaskiya ne, amma kafin la'asar matan sun gama yanke hukunci: ƙuruciya ce, kwaɗayin yara ne, wa bai yi ba? Laifin da aka ce a jinin 'yar baffana yake, da ya dawo kaina sai ya zama kuskuren rana ɗaya. Kaka ya hau mota har Wasagu don ya dawo da ita, mahaifiyarta ta ƙi. Ya tarar ma sunan ya riga shi isa can.

Na ci gaba da shiga rumbun har na yi girman da ba na shiga. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni komai ba. Amma ba ya hira da ni ta bakin rumbu, kuma ko sau ɗaya bai miƙa mini kwanon soja ba. Da zai rasu ya ce a kai wa 'yar baffana kwanon.

Yanzu rumbunan ƙasa sun yi ƙaranci, buhu da maganin ƙwari sun karɓe aikin. A waya nakan ga masana suna musu a kan wata doguwar kalmar Turanci da ke nufin ƙin jinin Yahudawa: me ta ƙunsa, ina ta tsaya, ko sukar gwamnatin Isra'ila na cikinta, ko abin ƙaruwa yake yi ko raguwa. Ba ni da ilimin raba musu gardama. Abin da na sani shi ne na ga abin yana aiki a gidan da mutum ɗaya ne kawai ya taɓa ganin Bayahude. Suna ne da aka cika shi da mugun hali tun kafin a haife mu, aka ajiye, duk mai jin haushin wani ya ɗauka ya jefa. Da zarar ya kama mutum kuwa, ba a ƙara neman shaida a kansa.

Bara na ji 'yar baffana tana sayar da hatsi a kasuwar Dirin Daji, sai na yi ƙarfin hali na je. Na tambayi mutum uku da sunanta na yanka, ba wanda ya gane. Da na kwatanta ta, wata mai daddawa ta ce, "Au, Bayahudiya kike nema? Ga ta can. Wajenta za ki saya, mudunta cike yake."

Tana zaune a tsakiyar buhuna, ɗiyarta a gefe, kwanon Kaka a kan buhun gyaɗa tana ɗiba da shi. Da na ga kwanon, tsohuwar hassadar nan ta motsa mini, da girmana da 'ya'yana. Na kira ta da sunanta na yanka. Ta ɗago ta dube ni, ɗiyarta kuma ta waiga tana neman wadda ake kira.

Na fara jero haƙurin da na yi shekaru ina shiryawa. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta cika kwanon da gyaɗa ta juye mini a gefen mayafi.

Ta ce, "Wannan tawa ce, ba ta Kaka ba, ina iya ba ki. Amma ki sake faɗin sunana na gaskiya, ɗiyata ta ji. Ba ta taɓa jin wani ya kira ni da shi ba."