Dattijon Da Ke Cikin Wayar Kafinta

Duk layin kafintoci babu mai kushe hannun Minti Biyu. In ya haɗa ƙofa, sai dai gidan ya tsufa ya bar ta. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ya jawo masa sunan. Ka same shi a shago kana gaggawa, zai ɗaga maka yatsu biyu, idonsa na kan waya, ya ce, "Minti biyu." Wanda ya san hali sai ya nemi benci ya zauna, ya cire takalmi ya sha iska.

Tsakani da Allah ba malalaci ba ne. Da kyakkyawar niyya yake buɗe manhajar bidiyo, wai zai duba yadda ake haɗa kusurwar durowa. Kafin a fara sai a tallata masa man gashi, shi da rabon kansa da gashi shekara ashirin. Kafin a gama an jero masa wasu goma a gefe: ga wanda ya haƙa rami da hannu ya mayar da shi gida, ga akuya a kan babur, ga ƙato yana cinye ƙwai hamsin. Yana cikin tausaya wa ƙaton sai ya tuna da gam ɗin da ya shafa, ya tarar ya bushe ƙayau a jikin katako.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, tana da cikin wata bakwai lokacin da ya bugi ƙirji a gaban matarsa da surukinsa ya ce jikansa ba zai kwanta a gadon kanti ba. Shi zai ƙera masa gado, kuma babu ƙusa ko ɗaya, katako ne zai riƙe katako. Ya sayo katako mai kyau ya jingine a bango. Katako ya yi wata guda a jingine, har gizo-gizo ya gina gida ya tare.

Ranar wata Talata Uwata ta shigo shagon tana tura ciki, ta gaishe shi. Ya ɗaga yatsu biyu. Ta tsaya a kansa har sai da ya ɗago.

"Baba, mijina ya ga wani gadon jarirai na ƙarfe, mai naɗewa. Ya ce in tambaye ka ko ya saya."

"Na ƙarfe? Jikan kafinta?"

"Ba raini ba ne, Baba." Ta nuna lungun shagon da haɓa. "Wancan ma nawa ne."

A lungun akwai teburin karatun da ya fara mata shekarar da za ta yi jarrabawar ƙarshe. Ƙafa uku gare shi, gwangwanayen fenti ne suka tsaya a madadin ta huɗu. Ta yi karatun jarrabawar a kan tabarma, ta ci, ta yi aure, tebur yana nan ana cajin waya a kansa. Maganar ta soke shi sosai, don ba ta faɗe ta da fushi ba. Ta faɗe ta ne kamar wadda ta daɗe da daina sa rai.

"Ba ni ba ne, Uwata," ya ce a sanyaye. "Wayar ce."

"Kawo ta."

Ta zauna a benci ta goge tsohuwar manhajar yana kallo kamar ana cire masa haƙori. Ta sa masa wata, ta ce wannan ba ta talla, ba ta jero wa mutum abin da bai nema ba, kuma in bidiyo ya ƙare ya ƙare. Abin da ya zaɓa shi kaɗai zai gani, sauran kuma ya saita yadda yake so. Ta ba shi mako uku, ta tafi.

To, Minti Biyu mutum ne da ba ya ganin noti ya wuce bai ɗaure shi ba. Tana fita ya shiga wajen saiti ya taɓa komai. Ya kashe sauti, tunda injin maƙwabcinsa ba ya barin a ji. Ya ɓoye sharhin mutane. Ya mayar da fuskar manhajar baƙa. Akwai wani ɗan layi da ya ja zuwa hagu bai karanta ba, saboda tabaransa yana aljihun wata rigar. Sannan ya nemo bidiyon haɗa katako ba ƙusa: hannaye biyu cikin safar aiki, da benci, da ƙarfen sassaƙa, ba fuska.

Da bidiyon ya ƙare, wayar ta yi tsit. Ya jira. Ya girgiza ta. Babu akuya, babu ƙato. Ya ji kewa ta gaske, har ya ɗan yi fushi da Uwata. Da ya rasa abin yi, sai ya ciro fensir daga bayan kunne ya jawo katako.

Abin da ya kama zuciyarsa shi ne natsuwar hannayen nan. Sai su ɗauki ƙarfe a hankali, su aza shi a hankali, guduma ma a hankali take sauka. Minti Biyu ya yanke hukunci cewa wannan dattijo ne da ya haura saba'in, wanda duniya ba ta dame shi ba. Ya raɗa masa suna Dattijona. Ya lalata katako biyu don sauri, ya koma ya kalli Dattijo, kunya ta kama shi, ya rage hannu. Na uku ya shige cikin ɗan'uwansa daram, ko takarda ba za ta ratsa ba.

Abin har gida ya bi shi. Matarsa ta gaji da ganin yana juya shayi kamar mai tsoron ya farka.

"Malam, lafiya? Ko jikin ne?"

"Dattijona ba ya gaggawa."

"To ka ce wa dattijon naka ya zo ya wanke kofin, ni ina da aiki."

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika Uwata ta dawo. Gado yana tsaye a tsakiyar shago, an goge shi sumul, saura mai kawai za a shafa. Ta fara yabonsa. Shi kuwa ya ƙi karɓar yabo, ya ce sai ta ga malaminsa tukuna. Ya miƙa mata wayar da hannu biyu.

Ta kalli hannayen, ta kalli ƙasan allon, sai ta dafe ciki ta fara dariya har da hawaye.

"Baba, ai rabin gudu ka sa shi."

Ta mayar da layin inda yake, ta kunna sauti. Hannayen Dattijo suka zabura suna sara kamar ana korarsu. Kiɗa ya tashi, ga muryar wata yarinya da ba za ta girmi Uwata ba, tana zuba surutu ba numfashi.

Minti Biyu ya nemi benci ya zauna. Kusan mako uku yana girmama mutumin da babu shi, har addu'ar ƙarin lafiya yake masa.

"To wa ya koya mini?" ya tambaya.

Uwata ta daina dariya. Ta bi kusurwar gadon da yatsa tana neman inda katako ya haɗu da katako, da ƙyar ta samu. Ta ce za ta gaya wa mijinta ya bar na ƙarfen ga masu shi.

"Mayar mini da shi yadda yake," ya ce. "Ki kashe muryar ma."

Ta mayar. Da ta juya za ta sa wayar a caji, sai ta ga babu gwangwanayen fenti a lungu. Teburinta yana tsaye da ƙafa huɗu, ta huɗun ta fi sauran haske don sabunta. Ta daɗe tana kallon teburin, idonta ya cika. Ta kai hannu za ta dafa.

"Minti biyu, Uwata," ya ce. "Gam bai gama bushewa ba."