Maigida da Ɗan Haya

Mahaifina tela ne a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, kuma Faransancinsa na ciniki ne kawai: farashin yadi, gaisuwa, da abin da ake gaya wa direban taksi. Duk da haka, kowace Asabar bayan azahar sai ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya kunna rediyo, saboda wani shirin barkwanci da ake yi da Faransanci tsantsa. Mai gabatarwa ne da wasu 'yan ban dariya, sai baƙo guda, mawaƙi ko ɗan ƙwallo ko wata tauraruwar fim. Ana yi musu tambayoyi kan labaran mako, a kawo labari uku, biyu ƙarya ɗaya gaskiya, a ce baƙo ya zaɓa. In ya faɗi, jama'ar da ke zauren su yi ta shewa.

Na daɗe ina mamakin abin da Baba ke tsinta a ciki. Ni ce tafintarsa, tun ina lekol, wato makarantar boko, har bayan na yi aure a unguwar Elig-Edzoa ina zuwa gida ranar Asabar. Kafin in gama juya masa wasa ɗaya da Hausa an yi uku, kuma wasan da aka fassara kamar tuwon jiya ne. Shi bai damu ba. Tambayoyinsa ne ke cinye lokacin.

“Wannan da ake yi wa dariya, ba babban mutum ba ne?”

“Babba ne, Baba.”

“Kuma da ƙafarsa ya zo?”

“Da ƙafarsa.”

“To, taubasai ne su da mai shirin?”

A wurinsa ba a tsokanar babba a bainar jama'a sai in akwai wasa tsakani, irin na taubasai ko na jika da kaka. Na ce masa babu dangantaka, aiki ne. Ya girgiza kai ya ce lallai duniya da faɗi.

Abin da ya sa shirin ya fi ɗaure mini kai shi ne yayana. Shi ne babban ɗa, shi aka koya wa yankan babbar riga, shi aka sa ran zai gaji shagon. Sai ya ajiye almakashi ya bi 'yan wasan kwaikwayo. Baba bai kore shi ba, bai kuma yi masa baki ba. Ya dai daina kiran sunansa. In Yaya ya zo gaisuwa, Baba ya amsa a taƙaice idonsa na kan allura, Yaya ya wuce ciki wurin Inna ya ci abinci shi kaɗai. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Yaya ya yi suna a talabijin, yara na bin motarsa a unguwar Mokolo, amma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da mahaifinsa ba. Wannan abu ya ci Inna ƙwarai, ni ma ya ci ni. Na kasa gane yadda mutum zai so barkwancin 'ya'yan wasu ya ƙi na ɗansa.

Wata Asabar Inna ta tare ni a zaure tun ban cire takalmi ba.

“Yayanki ne baƙon yau,” ta ce. “Babanki bai sani ba. Ki fassara da hankali, kin ji ko? Abin da bai kamata ba, ki haɗiye.”

Na shiga shago. Da aka ambaci sunan baƙo, keken Baba ya tsaya. Na zaci zai kashe rediyon. Bai kashe ba, ya ɗauko wata riga ya fara warware ɗinkin da ban ga laifinsa ba.

Mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce, “Maguida!” Zauren ya ɗauki dariya.

Duk wanda ya tashi a Yawunde ya san wannan kalma. Tamu ce, maigida, amma ta shiga bakin mutanen kudu ta fito da wata kama. Da ita ake kiran duk ɗan arewa, mai tsire ne ko malami ko yaro ɗan shekara goma. Wani da wasa yake faɗa, wani da raini, kuma sau da yawa ba ka iya rabewa. A lekol an kira ni matar maguida har na yi kuka. Yanzu ga ta a rediyo, an maƙala wa yayana, ƙasa duka na ji.

“Me ya ce masa?” in ji Baba.

“Girmama shi ya yi. Ya ce masa maigida.”

Baba ya dube ni ta saman tabarau.

“Tun ba a haifi uwarki ba ake kirana haka a bakin kasuwa. Ni za ki gaya wa girmamawa? Yi shiru in ji me zai ce.”

Kunya ta rufe ni. Ashe duk shekarun nan ya sani sarai, bai dai taɓa kawo zancen gida ba.

Mai gabatarwa ya sake kira, yana jan kalmar don a ƙara dariya. Sai muka ji muryar Yaya, a natse, kamar wanda aka taso daga barcin rana:

“Oui, mon locataire?”

Zauren ya fashe da dariya. Har mai gabatarwa ana jin yana buga tebur. Ni kaina dariya ta ƙwace mini.

“Fassara,” Baba ya ce.

“Cewa ya yi, na'am, ɗan hayana? Wai tunda shi ne mai gida, to wanda ya kira shi haya yake a ciki.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye rigar a cinya, yana kallon titi, inda hayaƙin masu tsire ya fara tashi. Har aka gama shirin bai sake tambayata komai ba, ko da Yaya ya faɗi tambayar labarai aka yi masa shewa. Duk lokacin da aka ce maguida, Yaya ya amsa da ɗan haya, har jama'a suka koma su ke faɗa kafin ya buɗe baki.

Da aka sa kiɗan rufewa, Baba ya kashe rediyo.

“Mahaifina an kira shi haka, ya yi murmushi ya wuce,” ya ce. “Ni ma haka na yi ta yi. Ban taɓa sanin tana da amsa ba.”

Na kau da kai, don na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma bai so in gani ba.

“Ta yaya ma ake faɗin kalmar nan ta ɗan haya?” ya tambaya.

“Lokater.”

“Lokatari.”

“A'a, Baba. Lo-ka-ter.”

Ya gwada, ya sake gwadawa, kowane karo da wasalin da ya ƙara mata a wutsiya. Inna na tsaye bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Can ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya kira sunan Yaya, sunan da na manta yadda yake fita daga bakinsa.

“A aika masa ya zo cin abincin dare,” ya ce. “Wannan yarinyar ba ta iya koyarwa ba. Mai abin ya zo ya koya mini da kansa.”